Ba tuwon kaɗai ba, a tambaye mu yadda muka tuƙa shi

Duk wanda aka taɓa aika ɗauko wani abu a siton sashenmu ya ga abin da zan yi magana a kai. Kwalaye ne jibge har kusa da silin, kowanne da sunayen 'yan rukuni da lambobin rajistarsu a manne da salatif. A ciki akwai na'urar auna zafin ɗaki, da mai kunna famfon burtsatse da kanta, da ƙofar da ke buɗewa da zanen yatsa, da mai ƙirga masu shiga laburare. Kowacce an tafa mata ranar difens, an ɗauki hoto da ita, an ba masu ita maki. Ka ɗauko ɗaya yau ka jona mata wuta ka gani. Wata ko fitilarta ba za ta kama ba. Wadda ta kama kuma, in ka tambayi yadda za a gyara ta ko a ƙara mata wani abu, babu mai ba ka amsa. Waɗanda suka haɗa ta sun tafi da sanin a kansu, wataƙila ma su kansu sun manta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: namu firojet ɗin saura ƙiris ya riga su shiga siton, tun bai ga ranar difens ba.

Mu huɗu ne a rukuninmu. Abin da muke haɗawa na'ura ce mai lura da tankin ruwa da batirin sola. Tana auna ruwan da ya rage, ta duba ƙarfin batir, ta zaɓi ko ta kunna famfo yanzu ko ta bari sai rana ta ɗaga, sannan ta nuna komai a wani ɗan shafi da za ka buɗe a wayarka. A kan Raspberry Pi muka ɗora ta, 'yar kwamfutar nan mai faɗin katin ATM da aka fara sayarwa a 2012. Mun yi yadda kowa ke yi. Muka sauke Raspberry Pi OS, muka rubuta shi a katin memori, muka shiga zuba masa kaya. Yau wannan ya kalli bidiyo a YouTube ya girka abu, gobe wancan ya kwafo layuka daga intanet ya liƙa, jibi na uku ya taɓa wani fayil ɗin saiti da tsakar dare bai gaya wa kowa ba. Wata uku muna haka. Yana aiki kuwa, har muna yi wa sauran rukunoni fankama.

Saura kwana tara mu gabatar da rahoton inda muka kai a gaban malamai, aka ɗauke wuta na'urar tana tsakiyar rubuta bayanai a kati. Da wuta ta dawo, shiru. Katin ya lalace, kuma ba mu da kwafi. Amma abin da ya fi rashin kwafin ciwo shi ne lokacin da muka zauna mu huɗu a ɗakin hostal da sabon kati a hannu, aka ce to a sake, sai kowa ya kalli ɗan'uwansa. Wa ya tuna abin da aka girka a mako na biyu? Wace siga ce ta laburaren Python ɗin da ya yarda ya yi magana da na'urar awon ruwa? Wane fayil aka taɓa har shafin ya riƙa tashi da kansa? Shirin da muka rubuta da hannunmu yana laftof ɗina, wannan bai ɓata ba. Ƙasar da shirin yake tsaye a kanta ce ta zaftare, kuma babu wanda ya taɓa rubuta yadda aka cika ta.

Daga wannan daren na samo ra'ayin da nake so in sa a gabanku da gaban malamanmu. Duk firojet ɗin da ke da babbar manhaja a cikinsa, kada a karɓe shi sai da rubutacciyar hanyar da za ta sake gina shi daga tushe, a kwamfutar wani, ba tare da mai shi yana tsaye a kai ba. Ba ina nufin babi na uku na rahoto ba, inda muke cika shafi da hotunan allo. Ina nufin fayilolin da kwamfuta za ta karanta ta yi ginin da kanta. Kayan yin haka suna nan, kyauta ne, wasunsu ma sun girme mu.

Bari in ɗan koma baya saboda 'yan uwanmu na Akanta da Kasuwanci da za su karanta wannan. Na'urori da yawa da muke taɓawa kullum kwamfutoci ne da suka ɓad da kama: rawutar da ke raba intanet a kafe, dikodar gidan kallon ƙwallo, talabijin mai shiga YouTube, kyamarar tsaro, allon da ke gaban direba a sababbin motoci. Da yawansu Linux ne a cikinsu, babbar manhajar nan da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finlan. Shekararsa 21 a lokacin, wato na girme shi da shekara guda, abin da ke hana ni barci wani lokacin. Sai dai Linux ɗin da ke cikin waɗannan na'urori ba irin na laftof ba ne mai burauza da wasanni. An yanka shi daidai jikin na'urar, yadda tela ke yanka yadi, ba a bar ko ƙyallen da ba shi da amfani ba.

Kafin irin wannan na'ura ta tashi, sai abubuwa huɗu sun haɗu. Akwai ɗan ƙaramin shirin da ke fara farkawa in an ba da wuta, shi ne mai tashin sauran. A alluna da yawa U-Boot ne ke wannan aikin. Akwai kanel, zuciyar Linux, mai magana da ƙarfen na'urar kai tsaye. Akwai rumbun fayiloli inda shirye-shirye da laburarori da saituna ke zama. Na huɗun ba ya shiga cikin na'urar, a laftof ɗinka yake zama, shi ne tafinta. Laftof ɗinka yaren Intel ko AMD yake ji, allon kuma yaren ARM. Don haka kana buƙatar tafintan da zai zauna a laftof yana juya rubutun manhaja zuwa yaren da laftof ɗin kansa ba ya ji. GCC aka fi ɗora wa wannan aiki.

To ka ce za ka haɗa duk wannan da hannu. Shiri kaza ba ya ginuwa sai an fara gina laburare kaza, shi kuma laburaren yana jiran wani, sigar wannan ba ta shiri da sigar wancan. Mai haƙuri zai iya, sau ɗaya. Amma ya maimaita bayan wata shida ya sami abu iri ɗaya sak, wannan kam sai dai a taya shi da addu'a. Tsohuwar matsala ce. Tun 1976 wani mai suna Stuart Feldman a Bell Labs da ke Amurka ya rubuta shirin da ake kira Make. Kai dai ka rubuta a fayil cewa wannan ya dogara da wancan, ga kuma yadda ake samar da shi, Make ya bi jerin ya gina abin da ya canza kaɗai. Kusan shekara hamsin ke nan, har yau shi ne a ƙarƙashin abubuwa da yawa da zan ambata.

A daren da katin ya mutu, na kira wani yayanmu da na yi SIWES a ƙarƙashinsa a wani ɗan kamfanin sola. Na ce, "Oga, katinmu ya ƙone, komai ya tafi." Ya ce, "Ayya, ƙanena. To ina girkin?" Na ce wane girki? Ya yi dariyar da ta ba ni haushi, ya ce, "Wato tuwon kawai kuka ajiye, ba ku rubuta yadda aka tuƙa ba. Je ka nemo Buildroot, ka kira ni jibi."

Buildroot tarin fayilolin Make ne da aka fara a 2001, a hannun mutanen da ke haɗa uClibc, wani ƙaramin laburaren C na ƙananan na'urori. Tun 2009 suke fitar da sabuwar siga duk wata uku, a Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba, kuma lambar sigar shekara da wata ce kawai: 2024.02 na nufin Fabrairun 2024. A cikinsa akwai bayanin yadda ake gina shirye-shirye sama da dubu biyu: daga ina za a sauko da kowanne, wace siga, me yake jira kafin a gina shi, har da lambar tantancewa da ke tabbatar da cewa abin da aka sauko shi ne na ainihi. Ginshiƙin ƙaramin tsarin da yake fitarwa shi ne BusyBox, shiri guda da ke yin aikin ɗaruruwan ƙananan umarnin Linux. Bruce Perens ya fara shi a tsakiyar shekarun 1990 don ya cusa tsari mai aiki a faifan filofi guda mai ɗaukar megabait 1.44. Hoto ɗaya a wayarka ya fi haka nauyi.

Ga yadda aikin yake. Buildroot yana zuwa da shiryayyen saiti na alluna da yawa, har da Raspberry Pi, sai ka ɗauki na allonka. Ka buga make menuconfig, wani shuɗin allo mai kama da na kwamfutocin da ya fito, ka bi jerin kana sa alama a abin da kake so: Python, ƙaramar sabar shafi, direban waya-fai. Abin da ba ka zaɓa ba, kuma babu abin da ya dogara da shi, ba zai shiga ba. Fayilolinka na kanka, shirin da kuka rubuta da saitunanku, ka zuba su a wata jaka da za a shimfiɗa a kan rumbun. Daga nan ka buga make ka je ka kwanta. Mu mun fara bayan isha'i a laftof ɗin da ya fi ƙarfi a rukuninmu, muka jona shi da inbatar wani maƙwabci. Da asuba muka tarar da fayil guda a output/images, wanda za a rubuta a kati a sa a allo.

Ban ce ya tashi a karon farko ba. Sai a gini na biyar. Laburaren na'urar awon ruwanmu ba ya cikin jerin, dole muka rubuta masa nasa fayil ɗin gini, abin da ya ci mana kwana biyu da faɗa ɗaya. Amma ga bambancin: duk kuskuren da muka gyara a wannan karon, a fayil muka gyara shi, fayil ɗin kuma yana Git. Da muka gama, make savedefconfig ya tattara duk zaɓinmu a wani ɗan fayil da bai cika shafi biyu ba. Wannan fayil, da jakar fayilolinmu, da lambar sigar Buildroot da muka yi aiki da ita, su ne firojet ɗin. Katin kwafi ne kawai.

Ribar da ban zata ba ita ce ta wuta. Tsohon tsarin ya haura gigabait biyu, cike da abubuwan da ba mu san aikinsu ba, da yawansu suna rubuce-rubuce a kati ba dare ba rana. Sabon bai kai megabait ɗari biyu ba. Kuma tunda mu ke da iko da ginin, muka zaɓi a yi rumbun da squashfs, wanda karanta shi kawai ake yi, ba a rubutu a kansa. Bayanan awo muka ware musu wani ɗan yanki daban. Yanzu in an ɗauke wuta, mafi munin abin da zai faru shi ne mu rasa bayanan awo, tsarin kansa ba abin da zai taɓa shi. Na zare filogi da gangan ya fi sau ashirin, yana tashi. A ƙasar da NEPA ba ta sallama kafin ta tafi, wannan ba ƙawa ba ce. Wanda ya yi bidiyon da muke kwafa a YouTube wataƙila bai taɓa ganin an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki ba, don haka ba zai taɓa koya maka wannan ba.

Wani zai ce wasan ɗalibai ne. A 2018 kamfanin Tesla ya saki wani ɓangare na manhajar motocinsa a GitHub, kuma Buildroot ne a wurin. Labarin OpenWrt ya ma fi daɗi. A 2003 aka gano cewa rawutar Linksys WRT54G Linux take amfani da shi, kuma lasisin GPL ya wajabta wa duk wanda ya rarraba Linux ya ba da asalin rubutun. Da aka matsa, kamfanin ya saki. Daga nan a 2004 aka haifi OpenWrt, wanda injin gininsa daga Buildroot ya samo asali, kuma har yau mutane suna farfaɗo da tsofaffin rawutoci da shi shekaru bayan masu su sun daina kula da su. Dubi abin da ya raya wannan rawuta: hanyar gina ta ce ta fita hannun mutane. Namu kwalayen na sito ba su sami wannan gatan ba.

Akwai babban wa a wannan fage, Yocto. Gidauniyar Linux ta sanar da shi a 2010, ya haɗa kai da OpenEmbedded a 2011. Injinsa BitBake ne, kuma su da bakinsu suke kiran fayilolinsu takardun girki, ashe yayanmu ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba. Yocto yana jera girke-girken hawa-hawa: mai ƙera allo ya ba da nasa hawan, kamfani ya ɗora nasa, kowace na'ura ta ɗora nata, ba tare da wani ya taɓa na wani ba. Yana kuma ajiye abin da ya riga ya gina don kada ya maimaita. Sau biyu a shekara yake fitowa, kuma duk shekara biyu akwai sigar da ake daɗewa ana kula da ita, kamar Kirkstone ta Afrilun 2022 da Scarthgap ta Afrilun 2024. Automotive Grade Linux, wanda kamfanonin motoci irin su Toyota ke ciki, a kansa aka gina shi. In ka duba tallan aikin masu haɗa manhajar na'urori, sunansa za ka yi ta gani.

Duk da haka ba zan ce a fara mana da Yocto ba. A 2024 takardunsa da kansu sun nemi filin faifai wajen gigabait 90 da RAM gigabait 8 a ƙalla, mu kuwa rabinmu laftof ɗin gwanjo ne mai RAM 4 da batirin da ba ya kai lakca ɗaya. Koyonsa ma hawan dutse ne. Buildroot za ka fahimci kansa da gindinsa a mako biyu. Yana da nasa aibin, kada in yi muku tallan maganin gargajiya. In ka cire wani shiri daga zaɓinka, sau da yawa sai ka rushe ginin ka sake daga farko. Ba ya sa maka hanyar girka sabon shiri a kan na'urar bayan ta tashi, da gangan suka yi haka. In gini ya faɗi kuma, zai zubo maka layuka ɗari na Turancin da ba na mutane ba, kai ne za ka tono inda matsalar take. Amma wanda ya saba da wannan, ranar da ya shiga Yocto ba baƙo ba ne.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a kafteriya.

An ce data. Gaskiya ne, kanel kaɗai ya haura megabait ɗari, mu abin da muka sauke gaba ɗaya ya kusa gigabait guda. Amma Buildroot yana tara duk abin da ya sauko a jaka ɗaya mai suna dl, kuma umarnin make source yana sauko da komai ba tare da ya fara gini ba. Mutum ɗaya ya sauke da datar dare, sauran su kwafa a filasha, a yi gini ba intanet. In aji guda ya amince da siga ɗaya, sau ɗaya za a sayi wannan datar.

An ce ba kowa ke da kuɗin Raspberry Pi ba, ballantana yanzu da canji ya yi tashin gwauron zabo. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai ba ka buƙatar allo kafin ka koya. QEMU, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003, yana kwaikwayon allon ARM a cikin laftof ɗinka, kuma Buildroot yana da shiryayyun saituna na QEMU. Ka gina, ka tayar, ka shiga ciki, ka ɓata, ka sake, ba ka sayi ko waya ɗaya ba. Darussan ma akwai na kyauta; kamfanin Bootlin na Faransa yana sakin takardun horonsa na Buildroot da Yocto ga kowa.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne wanda ya ce, "Mu fa 'yan difiloma ne, wannan aikin 'yan jami'a ne." Haba ɗan'uwa. Ai mu ne aka ce masu aikin hannu. In akwai ilimin da ya dace da kwalejin fasaha, to wannan ne: babu lissafin da ya fi ƙarfinka a ciki, tsari ne da kula da haƙuri, irin abin da ake nema wurin mai ɗaurin wayar gida. Ka je Farm Centre a Kano ka ga samari suna ɗaga ƙananan sassan waya da iskar zafi, suna mayar da su daidai. Hannu muna da shi. Abin da ya rage shi ne in na'ura ta mutu ta ɓangaren manhaja, iyakarmu mu nemo fayil ɗin da wani ya gina a wata ƙasa mu zuba, in babu shi mu ce wa mai ita ta mutu. Ni ban zo makaranta don in tsaya a nan ba.

Masu Arduino da ESP32 kada su ce ba da su ake ba. Allonku ba ya ɗaukar Linux, amma ciwon ɗaya ne: laburare goma da aka sauko ta danna maɓalli, ba wanda ya rubuta sigarsu. ESP-IDF, kayan ginin ESP32 na kamfanin da ya ƙera shi, yana amfani da FreeRTOS da CMake da irin wannan shuɗin allon na menuconfig. Zephyr, wanda Gidauniyar Linux ta ɗauka a 2016, shi ma da CMake da menuconfig yake aiki. Ɗabi'ar ɗaya ce, a rubuta zaɓi a fayil, a bar kwamfuta ta gina.

Akwai maganar da ba a son yi, amma zan yi ta, ba tare da kama suna ba. Kowa a nan ya san ana ba da kwangilar firojet. A tara kuɗi, a kai wa wani a gari, ya kawo kwali mai fitilu da kati a ciki, a haddace abin da za a faɗa. Muddin abin da ake dubawa ranar difens shi ne ko fitila ta kama, wannan kasuwa ba za ta mutu ba. Amma ka ce wa rukuni su kawo fayilolin gini, a gina a gabansu, sannan malam ya ce, "To ku canza mini sunan na'urar, ku cire wannan shirin, ku sake ginawa." Wanda ya saya ba zai wuce nan ba. Ko ɗan kwangilar ya ba su fayilolin, sai sun zauna sun fahimce su, in sun fahimta kuwa ai an yi karatun.

Sai batun tsaro, wanda muke ɗauka na manyan kamfanoni ne. A ranar 21 ga Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara kyamarori da rawutoci masu ɗimbin yawa ta afka wa kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Ba wani tsafi ta yi ba. Jerin sunaye da kalmomin sirri kusan sittin na daga masana'anta take gwadawa, waɗanda ba wanda ya canza. Raspberry Pi OS kansa sai a Afrilun 2022 ya daina zuwa da sunan pi da kalmar sirri raspberry. Ina da yaƙinin in aka tayar da tsofaffin kwalayen sitonmu, da yawa da wannan kalmar za a shiga. Wanda ya gina tsarinsa da kansa ya san kowace ƙofa da ya bari a buɗe, domin shi ya sa mata alama. In aka gano rami a wani laburare, ya canza siga a fayil ya sake gini. Mu da tsohon katinmu, ko jerin abin da ke ciki ba mu da shi.

Ba sai an jira an canza tsarin karatu daga sama ba. Sashe zai iya cewa daga bana maki goma cikin ɗari na firojet na mai sake ginuwa ne. Malamai za su ce ba su da lokacin zama su jira gini na awa huɗu ranar difens, kuma suna da gaskiya. To kada a yi ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin nan a ba ƙannenmu 'yan aji ɗaya fayilolin, su gina a kwamfutar lab ƙarƙashin kulawar mai kula da lab ɗin. In ya tashi a hannunsu, an ci makin. Su kuma sun ga cikin firojet shekara guda kafin nasu, kuma baɗi mai son ci gaba da na'urar tankinmu zai ɗora daga inda muka tsaya, maimakon a sake haɗa na'urar tanki ta goma sha.

Ƙungiyar ɗalibai kuma, wadda a mujallarta nake wannan rubutu, roƙona gare ta ƙarami ne. Faifan ajiya na waje guda ɗaya da za a zuba jakar dl da fayilolin duk firojet ɗin da aka gama, da doguwar soket, da man janareto na yammacin Asabar. Ban san nawa aka kashe a kan rumfuna da kiɗa a makon ɗalibai ba, ban kuma ce a daina ba, ni ma na taka rawa. Na dai san abin da nake roƙo bai kai kuɗin hayar lasifika ba.

Kafin su amsa, mu mun fara. Duk Asabar bayan la'asar muna zama a bayan lab, mu huɗu da duk wanda ya zo. Makon jiya mutum bakwai ne, biyu mata daga sashen Lantarki, ɗayarsu ta tayar da Linux ɗinta na farko a QEMU kafin magariba ta yi ta kallon baƙin allon kamar an yi mata albishir. Mai zuwa ya zo da laftof mai Linux ko mai filin da za a sa masa, da filasha, da cajarsa.

Difens ɗinmu saura mako biyar. Na gaya wa sufabaizanmu cewa ina so in zare katin a gaban malamai in goge shi tas, sannan in sake rubuta shi daga abin da muka gina. Ya ce, "Kai, kada ka kuskura." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni minti nawa rubutun zai ɗauka. Na ce, "Bai kai biyar ba, Malam." Ya ce in zo da kati biyu.